BABI NA HUƊU: KARIN MAGANA TSAKANIN GARGAƊI DA ƊORA LAIFI A KAN MATSALAR FYAƊE A ƘASAR WUDIL

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an kawo ma'anar karin magana da rabe-rabenta, an kuma nuna irin matsayin da take da shi wajen tarbiyyar Bahaushe. A wannan babi za a ɗauki wasu 'yan karin maganganu da ake yawan jawowa idan zancen fyaɗe ya taso, domin a yi musu tarke. Abin da ake son a gano shi ne, shin waɗannan maganganu gargaɗi ne na a yi taka-tsantsan, ko kuwa hukunci ne da ake yanke wa wadda aka zalunta? Za a nuna cewa karin magana guda tana iya yin aikin biyu, kuma abin da yake raba ayyukan shi ne lokacin da aka faɗe ta da kuma wanda aka fuskanta da ita.

Tun daga littafin Merrick na 1905 zuwa na Whitting na 1940 da na Kirk-Greene na 1966, masu tattara karin maganganun Hausa sun fi mayar da hankali ga kalmomin da fassararsu. Wannan aiki ne mai amfani, sai dai karin magana a takarda kamar wuƙa ce a kube. Ba a sanin abin da take yankawa sai an ga hannun da ya zare ta.

4.1 Wudil da 'Yan Talla

Garin Wudil yana bakin kogi, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a kan babbar hanyar da take kai matafiyi Jigawa da Bauci da Yobe da Barno. Kasuwarsa tana ci ran Juma'a, kuma karar shanunta tana cikin manyan kara na Arewa. Ban da kasuwa akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano, wadda ta fara aiki a 2001 aka kuma sauya mata suna zuwa na Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. Wato gari ne na shige da fice, na fatake da dillalai da direbobi da 'yan dako da ɗalibai.

A irin wannan gari talla babbar sana'a ce. Matar da take cikin kulle ita take dafa abinci ko ta soya awara ko ta dama fura, 'yarta kuma ita take kai wa tasha da kara da bakin gada. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle a kan yara ta dogara, domin su ne ƙafar uwa a waje. Da ribar tallar ake zubin adashi, da ita ake tara kayan ɗaki, a wasu gidajen ma da ita ake cefane. An kawo wannan bayani ne domin mafi yawan gargaɗin da za a tattauna a ƙasa 'yar talla ake yi wa shi, ita ce kuma ake fara tuhuma idan abu ya faru.

Dole ne a yarda cewa gargaɗin yana da amfani. Uwar da ta ce wa 'yarta kada ta shiga soro ko kango ko shagon kowa karɓar kuɗi, ta tsaya a bakin ƙofa a miƙo mata, ta kuma dawo gida kafin magariba, ta yi abin da ya kamata. Haka wadda ta haɗa 'yarta da ƙawa don kada ta bi lungu ita kaɗai. Idan irin wannan uwa ta ce "rigakafi ya fi magani", ta sa karin maganar a muhallinta, domin abin bai auku ba, kuma akwai sauran abin da za a iya yi. Wannan bincike ba ya jayayya da wannan ko kaɗan. Matsalar tana farawa ne daga ranar da yarinyar ta dawo gida da kuka.

4.2 Ɓera da Daddawa

Karin maganar da ta fi kowace fitowa a wannan rana ita ce: "In ɓera da sata, daddawa ma da wari." A zahiri magana ce ta adalci. Mai faɗinta yana nuna cewa bai ɗauki ɓangare ba, ya raba laifi gida biyu, ya ba kowa kasonsa. Shi ya sa take da daɗi a bakin mai sulhu, kuma a rigimar 'yan kasuwa ko ta kishiyoyi takan yi aiki sosai. Amma idan aka ɗora ta a kan fyaɗe aka bi siffofinta ɗaya bayan ɗaya, za a ga adalcin na fatar baki ne.

Da farko a dubi ɓera. Ɓera dabba ce da ba ta da hankali, ba a kai ta gaban alƙali, ba a tambayarta dalili. Duk wanda ya kira mai fyaɗe ɓera ya riga ya cire shi daga sahun masu hankalin da ake tuhuma, ya mayar da aikinsa ɗabi'a irin wadda ba a iya bari. Wannan ya saɓa wa abin da al'ummar Wudil ta yi imani da shi, domin a Musulunci baligi mai hankali mukallafi ne, an kuma umurci maza da runtse ido kafin a zo kan umurnin da aka yi wa mata. Abin mamaki ma shi ne yadda maza suke karɓar wannan kwatance ba tare da jin an ci musu fuska ba.

Sai kuma daddawa. Sata aiki ne da ɓera yake tashi ya aikata. Wari kuwa ba aiki ba ne, halittar daddawa ce. Ba ta zaɓe shi ba, ba kuma za ta iya ajiye shi a gida ta fita ba. Ke nan karin maganar ta auna aiki da halitta a sikeli ɗaya, ta ce nauyinsu ɗaya. Idan aka fassara ta zuwa maganar yau da kullum, abin da take cewa shi ne: laifin namiji ya yi fyaɗe, laifin mace kuwa kasancewarta mace. Kalmar "ma" da take tsakiyar jimlar ita take ɗauke da wannan nauyi duka, domin ita ce take jawo daddawa cikin laifin da ba ta aikata ba.

Akwai wani abu na uku da kwatancen yake ɓoyewa. A ce an bi shawarar, an rufe daddawa a kwano an ɗora dutse. Ɓera bai mutu ba, bai kuma bar gidan ba, kwanon maƙwabciya zai koma. Taka-tsantsan na mutum ɗaya yana iya kare mutum ɗaya, amma ba ya rage yawan masu aikata laifin a gari. Sau da yawa abin da yake yi shi ne ya tura su ga wadda ta fi rauni, wato marainiya, ko mai taɓin hankali, ko 'yar gidan da ba za su ci abinci ba idan ba a yi talla ba.

Don a ƙara fahimta, a kwatanta da abin da yake faruwa a kara. Idan aka sace wa bafatake sa ran Juma'a, abokansa suna iya ce masa ya yi sakaci da bai sa ido ba. Amma babu wanda zai ce a saki ɓarawon saboda san yana da ƙiba. Bafataken ba zai ɓoye maganar don kunya ba, ihu zai yi, kasuwa ta taya shi. Ba za a daina ciniki da shi ba, ba za a ƙi auren 'ya'yansa ba. Bahaushe ya san yadda ake raba sakaci da laifi sarai idan dukiya ce ta salwanta. A kan jikin 'ya mace ne kawai rabon yake rikice masa.

4.3 Bango da Ƙadangare

"Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga." Asalin wannan magana a kan haɗin kai take, wato baƙo ba ya shiga tsakanin 'yan'uwa sai sun ɓata da juna. Idan aka jawo ta cikin zancen fyaɗe, tsagar takan koma tufafin yarinya, ko fara'arta, ko tarbiyyar uwarta. Illarta ta fi ta farko, domin ita ba ta ma raba laifin biyu ba. Kalmar "sai" ta mayar da tsagar sharaɗi: tunda ƙadangare ya shiga, to lallai akwai tsaga, ko an gan ta ko ba a gan ta ba. Da wannan, aukuwar abin ita kanta ta zama shaida a kan yarinyar. Haka abin yake ga "wanda bai ji bari ba ya ji hoho" da "tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka", ba sai an tsaya a kansu ba.

Wannan hali ba na Bahaushe ba ne shi kaɗai. A Amurka William Ryan ya fitar da littafi a 1971 a kan ɗabi'ar ɗora wa wanda aka zalunta laifi, duk da cewa shi a kan talauci da wariyar launin fata ya yi magana. Masanin halayyar ɗan'adam Melvin Lerner kuma ya bayyana cewa mutane suna son su yarda duniya tana tafiya bisa adalci, don haka idan masifa ta sami wani sai su nemo masa laifin da ya jawo ta, hankalinsu ya kwanta cewa su ba za ta same su ba. Wannan bayani ya dace da abin da ake gani a tsakanin mata. Matar da ta ce "ai ita ta kai kanta" ba lallai ne muguwa ce ba. Tana da 'ya'ya mata ita ma, kuma ya fi mata sauƙi ta yarda cewa nata 'ya'yan ba za su kai kansu ba.

4.4 Yadda Nahawu Yake Ɓoye Mai Laifi

Ba karin magana kaɗai take wannan aiki ba, har da ginin jimla. A dubi waɗannan misalai:

(a) Ya lalata ta.
(b) An lalata ta.
(c) Ta lalace.

A jimla ta (a) aikatau so-karɓau ne, ga aikau ga karɓau, an san wanda ya yi da wadda aka yi wa. A jimla ta (b) aikau ya ɓuya a cikin "an", amma har yanzu ana jin akwai shi. A jimla ta (c) an sauya aikatau daga giredi na ɗaya zuwa na huɗu, ya koma ƙi-karɓau, namijin ya fita daga jimlar gaba ɗaya, yarinyar ta koma ita ce a gurbin aikau, kamar yadda ake cewa miya ta lalace. Daga nan sai siffa ta biyo baya, a ce "lalatacciya". Labari yakan fara da jimla ta (a) a ranar farko, kafin mako ya zagayo ya koma ta (c).

Haka nan "ya yi mata ciki" yakan rikiɗe ya koma "ta yi ciki", daga baya ya zama "ta kwaso ciki", kamar wani abu ne ta je ta ɗebo a hanya. Ita kanta kalmar "lalata" abar dubawa ce, saboda Hausa tana amfani da ita ga abin da aka yi bisa yarda da wanda aka yi bisa tilas. Mai jin kunyar furta "fyaɗe" yakan fake da ita, alhali da ya furta ta ya goge tilas ɗin, wanda shi ne ginshiƙin laifin a sashe na 282 na kundin Final Kod.

4.5 Gwajin Karin Maganganun a Kan Abin da ya Faru

Idan karin maganar bango gaskiya ce, to wadda ta zauna a ɗaki ta tsira. Abin da ya faru a Kwanar Dangora, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, ya ƙaryata haka. A watan Yuni na 2020 rundunar 'yan sandan jihar Kano ta ba da sanarwar kama wani mutum bisa zargin yi wa mata 40 fyaɗe a garin cikin shekara guda. A cikin waɗanda abin ya shafa akwai tsohuwa 'yar shekara 80 da yara 'yan shekara 10. Gidaje yake haurawa da dare. Asirinsa ya tonu ne da wata uwa ta same shi a ɗakin 'ya'yanta, ya gudu, maƙwabta suka bi shi suka kama. Waɗannan mata ba talla suka je ba, ba kwalliya suka yi ba, barci suke yi a ɗakunansu. Babu wata shawara daga cikin waɗanda ake ba 'yan mata da suka karya. Abin da ya kawo ƙarshen ta'asar ma ba rufe daddawa ba ne, ihu ne da kama ɓera.

Tambayar da ta fi muhimmanci a nan ita ce yadda aka yi adadin ya kai 40. Kowace mace da ta yi shiru don gudun abin da za a ce, ta ba shi damar isa gida na gaba ba tare da ta sani ba. A nan ne ake ganin cewa ɗora laifi da rigakafi ba abokan tafiya ba ne kamar yadda masu kare karin maganar suke ɗauka. Na farkon yana cin na biyun.

A wannan shekara ta 2020 aka kai wa wata ɗalibar jami'a hari a cikin coci a Benin inda ta je karatu, aka kuma kashe wata ɗalibar a gidan iyayenta a Ibadan. Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce an kai musu rahoton fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu, gwamnonin jihohi kuma suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan matsalar a watan Yuni. Kafin nan, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da taimakon UNICEF ya nuna cewa ɗaya cikin 'yan mata huɗu da ɗaya cikin yara maza goma sun fuskanci cin zarafi ta wannan fuska kafin su kai shekara 18, kuma galibi daga wanda suka sani. Wannan adadi na yara maza abin lura ne. Babu mai cewa almajiri ya fita da kwalliya, don haka karin maganar daddawa ba ta da abin cewa a kansa, sai kawai a yi shiru.

Rubutaccen adabi ya riga karin magana gane wannan. A littafin Balaraba Ramat Yakubu mai suna Wa Zai Auri Jahila? wanda ya fito a 1990, cutar da ta sami tauraruwar labarin ba daga lungu ta zo ba. Daga gida aka cire ta daga makaranta, daga gida aka aurar da ita tana ƙarama ga dattijon da ba ta so. Marubuciyar ta ɗora alhakin a kan manyan da suka yanke shawarar, ba ta nemi tsaga a jikin yarinyar ba.

4.6 Kunya da Shari'a

Akwai masu ganin cewa ɗora wa mace laifi koyarwar addini ce. Wannan bai inganta ba. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa babu haddi a kan wadda aka tilasta. A hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, an far wa wata mata a Madina tana hanyar zuwa salla, ta kai ƙara, Manzon Allah (SAW) ya sallame ta ba tare da wani hukunci a kanta ba. Ruwayar ba ta nuna an tuhume ta a kan dalilin fitarta ba.

Sai dai akwai wani wuri da al'ada da fiƙihu suke haɗuwa su matse yarinya. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid wadda ake karantawa a zaurukan Wudil da sauran ƙasar Hausa, cikin da ya bayyana ga marar aure hujja ne a kanta, kuma ba a karɓar da'awarta ta tilas sai da alama, kamar a ce ta zo tana neman agaji a lokacin, ko ta zo da jini. Wato fiƙihu yana son ta yi kururuwa nan take. Al'ada kuwa tun tana ƙarama take koya mata kunya da rufin asiri, karin magana kuma ta riga ta sanar da ita abin da za a ce idan ta yi magana. Idan ta bi al'ada ta yi shiru, ta rasa hujjar da fiƙihu yake nema.

Shari'ar Bariya Magazu a Tsafe ta jihar Zamfara misali ce. A shekarar 2000 kotu ta same ta da laifin zina saboda cikin da ya bayyana gare ta. Ta ce wasu maza uku ne suka tilasta ta, su kuma suka musa, aka sallame su. Da farko har an ƙara mata bulala 80 ta ƙazafi a kan 100 ta zina, daga baya aka janye 80 ɗin. An yi mata bulala 100 a watan Janairu na 2001, lokacin da lauyoyi suke shirin ɗaukaka ƙara. Duk yarinyar da ta ji wannan labari ta koyi darasi, sai dai ba darasin taka-tsantsan ba ne.

Ba za a ce taskar karin maganar Hausa ba ta da abin da ya dace da wannan hali ba. Akwai "an bar jaki ana dukan taiki". Akwai "zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa", wadda take bayyana gidan da ya bar mai laifi ya koma fushi da ƙawar da ta tona maganar. Akwai "an ba kura ajiyar nama", wadda ta dace da malami ko ɗan'uwa ko maigidan da aka ba amana. Duk suna nan, kowa ya san su. Rashin jin su a zauren sulhu ya nuna cewa zaɓe ake yi, kuma mai zaɓen galibi shi ne wanda yake son maganar ta mutu a gaban mai unguwa kafin ta kai ofishin 'yan sanda, musamman idan wanda ake zargi mai hali ne ko ɗan dangi. Lokacin da matasan Arewa suka fara bayyana abin da ya same su a Twitter a watan Fabrairu na 2019 ƙarƙashin taken ArewaMeToo, martanin da da yawansu suka samu tambayoyi ne irin na daddawa: me ya kai ki, me kika sa, me ya sa sai yanzu.

Wannan zaɓe yana da farashi da ake iya ƙirgawa da awa. Maganin da yake kare wadda aka yi wa fyaɗe daga kamuwa da cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki, kuma alamomin da likita zai rubuta wa kotu suna gushewa da wanka da wankin tufafi. An buɗe cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano domin irin wannan taimako, kuma daga tashar Wudil zuwa can tafiyar awa ɗaya ce ko ƙasa da haka. A gidan da aka tsaya tambayar yarinya me ya shigar da ita shagon, aka jira mahaifinta ya dawo daga kasuwa, aka aika wa kawu, aka sa ranar zama da iyayen yaron, kwana ukun nan sukan wuce kafin wani ya tuna da asibiti.